"A cika mini ita": ƙofar da masu kutse ke bi su shiga kwamfutar gida

'Yar yayata tana ajin ƙarshe a wata babbar makaranta a nan Kaduna lokacin da abin ya same ta. Bayan sallar isha'i ta shigo gidanmu a Unguwar Dosa da laftof a rungume, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Kawu, duba mini, furojet ɗina ya ƙi buɗuwa." Na karɓa na duba. Komai yana nan da sunansa, babi na ɗaya, babi na biyu, hotunan sunan ƙaninta, takardun makaranta. Sai dai an liƙa wa kowane fayil wasu haruffa huɗu a ƙarshen sunansa, kuma duk wanda ka danna, kwamfutar sai ta nuna ba ta san shi ba. A cikin kowace folda an ajiye wata gajeriyar wasiƙa da Turanci. Abin da take cewa shi ne an kulle kayan, mabuɗin yana hannunsu, kuɗinsa dala 980, amma in an tuntuɓe su cikin awa 72 za su rage rabi, a biya 490.

Da na fassara mata, sai ta yi shiru, can ta ce, "To ni Kawu wa na yi wa laifi? Me nake da shi da za a biyo ni?"

Wannan tambayar ita ce ta sa ni rubutun nan, domin kusan duk wanda na yi wa maganar kutse a garin nan amsarsa ke nan: me nake da shi? Yawancinmu in an ce mai kutse, abin da ke faɗo mana shi ne wani gwani a ɗaki mai duhu a can ƙetare, wanda ya zaɓi mutum ɗaya ya sa shi gaba har sai ya fasa shi. Akwai irinsu, amma bankuna suke bi da gwamnatoci da manyan 'yan siyasa da 'yan jarida. Mai kwamfutar gida a Tudun Wada ko Kawo ko Rigasa da taru ake kama shi. Masuncin da ya watsa taru a kogin Kaduna bai damu da sanin wane kifi ne zai faɗa ba, abin da ya taso nasa ne. Babu wanda ya biyo yarinyar nan. Kwana uku kafin wannan daren ta kai laftof ɗin wani shago a sa mata manhajar lissafin alƙaluma da malaminta ya ce sai da ita za ta yi babi na huɗu. Yaron shagon ya sauke ta kyauta daga intanet, ya sa mata, ya karɓi kuɗin aikinsa. Tare da manhajar cutar ta biyo ta gida.

Duk wanda ya taɓa sayen laftof ta hannu, irin wadda 'yan kasuwa ke kira tokumbo, a shagunan titin Ahmadu Bello ko kewayen kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya san abin da ke biyo bayan ciniki. Mai saye zai ce, "To Malam, a cika mini ita." Sai mai shago ya miƙa wa yaronsa, yaron ya jona wani rumbun ajiya da ya daɗe yana yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta, ya zuba Windows, ya zuba Office, CorelDraw, Photoshop, wasan ƙwallo na yara, wani lokaci har da karatun Alƙur'ani da wa'azuzzuka a matsayin gyara. Awa ɗaya an gama. Mai saye ya tafi yana godiya, yana ganin an yi masa alheri.

Kusan duk waɗannan manhajojin na kuɗi ne, da dala ake biyan lasisinsu, wasu ma kuɗin shekara ɗaya ya fi kuɗin laftof ɗin kanta. Abin da ake sa mana shi ne wanda aka fasa, wato kirak. Wani ne a wani wuri ya ɗauki manhajar gaske, ya cire ɓangaren da ke tambayar lasisi, ya ɗora a intanet kowa ya ɗauka. A nan ya kamata mutum ya tsaya ya yi wa kansa tambaya: wanda ya ɓata kwanaki yana wannan aikin, ya kuma biya kuɗin ajiye shi a intanet, ina ribarsa? Wasu don suna suke yi, gaskiya ne. Amma shafukan da ke fitowa a sama idan ka nemi manhaja kyauta, da bidiyoyin YouTube masu cewa ka duba adireshi a ƙasa, da yawansu tarko ne. Irin cutar da ta kulle kayan 'yar yayata, wadda masana tsaron kwamfuta ke kira STOP ko Djvu, ta wannan hanyar aka fi saninta da yaɗuwa tun wajen 2018, kuma masu kwamfutar gida take ci, ba manyan kamfanoni ba.

Abin da ya fi damuna a cikin wannan al'ada shi ne matakin farko na sa kirak. Umarnin kullum iri ɗaya ne: ka kashe antibairos tukuna, sannan ka ba fayil ɗin cikakken iko na mai gida. In Windows ta yi gargaɗi, mai gyara zai ce maka, "Rabu da ita, haka take yi." Wato ka sallami maigadi, ka ɗauki makullan gidan gaba ɗaya ka damƙa wa baƙon da ba ka taɓa gani ba. Bayan wannan babu sauran wani fasawa da mai kutse zai yi. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a nan ɗan garin bai ma san an yi amfani da shi ba.

Ba na ɗora wa masu gyara laifin duka. Yawancinsu samari ne da suka koyi sana'a a hannun wani, shi ma haka ya koya, kuma in suka ce wa mai saye ya biya lasisi, shagon gaba zai tafi. Amma akwai abin da ke ba ni takaici. Tun zamanin Windows 8, kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suna dasa lasisin Windows a cikin jikin na'urar tun daga masana'anta. Yawancin laftof ɗin ofis da ake kawo mana, irin su EliteBook da Latitude da ThinkPad, suna ɗauke da halastaccen lasisinsu. In aka sauke Windows mai tsabta daga shafin Microsoft, wanda kyauta ne, aka sa nau'in da ya dace da na'urar, da kanta za ta gane lasisin. Sai ka ga an bar wannan an sa mata fasasshiya, saboda ita ce ke cikin rumbun shago. Ko da babu lasisin ma, Windows 10 da 11 suna aiki ba tare da shi ba, ɗan rubutu ne kawai zai tsaya a gefen allo yana tunatar da kai, kuma rashin lasisin ba ya hana gyare-gyaren tsaro zuwa, muddin Microsoft bai daina kula da nau'in ba. Ni dai na gwammace wannan rubutun ya zauna mini shekara goma da a sa mini abin da ban san asalinsa ba.

Garkuwa da fayiloli ma, duk da zafinta, ita ce mai sauƙi ta wata fuska, domin aƙalla ɓarawon ya yi sallama, ka san an shiga. Mu a Kaduna ba sai an yi mana bayanin kalmar kuɗin fansa ba, mun san ɗacinta fiye da yadda muke so. Wanda ya fi haɗari shi ne mai shiga shiru. Akwai wani jinsin manhaja da aikinsa kawai kwashe sirri. Da zarar ya sauka, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba zai buɗe burauza, ya kwashe duk kalmomin sirrin da ka taɓa cewa a adana maka, na imel, na Facebook, na shafin makaranta, na wurin aiki, da lambobin katin banki in ka taɓa barinsu a ciki, ya duba ko kana da asusun kuɗin kirifto, ya ɗauki hoton allo, ya tura wa mai shi. Kwamfutar ba za ta yi nauyi ba, ba za ta nuna komai ba.

Cikin abin da yake kwashewa akwai wanda mutane ba su san da shi ba. In ka shiga Facebook ko Gmail sau ɗaya, ai ba a sake tambayarka kalmar sirri gobe. Dalili shi ne shafin ya ba burauzarka wata 'yar shaida, kamar katin da maigadi ke ba baƙo a ƙofar ma'aikata bayan ya rubuta sunansa. Duk wanda ya rataya katin, wucewa zai yi. In aka sace wannan shaidar, ɓarawo zai iya shiga asusunka ba tare da kalmar sirri ba, wani lokaci ma ba tare da lambar da ake turo maka ta waya ba, domin a wurin shafin kai ne ka dawo.

Wannan sana'a ce mai kasuwa da dillalai. Wanda ya rubuta manhajar haya yake bayarwa wata-wata, wanda ya yi hayar shi ke baza tarko, abin da aka kwaso kuma a sayar a dunƙule ga wani na uku wanda zai zauna ya tsince. A watan Oktoba na 2024 'yan sandan Holan tare da hukumar FBI ta Amurka suka rushe cibiyar ɗaya daga cikinsu mai suna RedLine. A watan Mayu na 2025 Microsoft ya sanar cewa cikin wata biyu kacal, daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Mayu, ya gano kwamfutoci sama da 394,000 a duniya da wata mai suna Lumma ta kama. Ana rushe wata, wata na tasowa.

To me talaka ke da shi? Yana da imel ɗin da duk sauran asusunsa ke rataye a jikinsa, wanda duk mai riƙe da shi zai iya cewa ya manta kalmar sirri a sake masa sabuwa. Yana da hoton katin NIN da takardar BVN da fasfo da sakamakon jarrabawa, waɗanda ya ɗauka lokacin neman aiki ya bar su a kan allo. Da waɗannan ake ƙoƙarin buɗe asusu ko cin bashin manhajojin lamuni da sunan mutum. Akwai hotunan iyali, na matan gida ba lulluɓi, waɗanda a wurinmu fitarsu ta fi asarar kuɗi ciwo. Sannan yana da abin da ya fi duk waɗannan tsada a ƙasar Hausa, wato yardar mutane. In saƙo ya fito daga asusun wani dattijo da unguwa ke girmamawa, yana cewa yana asibiti da mara lafiya, a taimaka a tura dubu ashirin zuwa wannan lambar zai mayar gobe, mutum nawa ne za su iya ɗaga waya su ce, "Baba, da gaske kai ne?" Kunya ba za ta bari ba. Zumuncinmu da kararmu su ne jarin ɓarawon, kuma shi ya sa nake ganin wannan matsalar ta fi mu illa fiye da mutanen da ba su saba tura wa juna kuɗi a kan kalma ɗaya ba.

Ko babu komai a ciki, na'urar kanta dukiya ce. Ana iya sa ta haƙar kuɗin kirifto a ɓoye, ka ji fanka na ta kuka, batir na ƙarewa da wuri, ka ɗora wa zafin Afrilu laifi. Ana kuma iya mayar da ita mashigar da wasu za su riƙa bi su yi zamba, ta yadda in an bi sawu adireshin intanet ɗinka za a gani. A watan Mayu na 2024 hukumomin Amurka suka sanar da rushe wata irin wannan cibiya mai suna 911 S5, wadda suka ce ta haɗa adireshi sama da miliyan 19 a ƙasashe kusan 200, kuma ta hanyar manhajojin VPN na kyauta, wato masu ɓoye inda mutum yake su buɗe masa shafin da aka toshe, aka riƙa shigar da ita kwamfutocin mutane. Wannan labarin ya sa na tuna lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, yadda matasanmu suka riƙa sauke duk VPN ɗin da aka ce kyauta ne, ba tare da tambayar na wane ne ba. Al'adar ta zauna har yau.

Ƙofa ta biyu ita ce tsufa. Babu manhajar da ba ta da tsaga, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Microsoft yana fitar da facin waɗannan tsagogi a Talata ta biyu ta kowane wata. Abin lura shi ne ranar da aka fitar da faci, ranar ce aka nuna wa duniya inda ramin yake. Masu kutse suna nazarin facin su gane abin da aka toshe, sannan su nemi waɗanda ba su toshe ba. Haka ta faru da wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry. A watan Maris na 2017 aka fitar da gyaran. Ranar 12 ga Mayu cutar ta ɓarke, ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Ba sai ka danna komai ba, ita ke bin hanyar sadarwa tana neman na'urar da ba a gyara ba. Wata biyu maganin yana nan, mutane ba su sha ba.

A nan gida kuwa, abu na farko da ake roƙon mai gyara shi ne ya kashe abdet, wato saukar da wannan facin, saboda yana shan data. Na fahimci dalilin. Wanda ke jona laftof da wayarsa, ya sayi data ta mako, ya wayi gari Windows ta shanye rabi cikin dare, ba zai so a sake ba, balle bayan ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025. Ga wutar lantarki da za ta iya ɗaukewa ana tsakiyar aikin. Amma mafita ita ce a zaɓar masa lokaci, sau ɗaya a wata, da datar dare mai araha ko a wurin da ke da intanet mai yalwa, a bar shi ya gama. Kashe shi gaba ɗaya kamar cire ƙyauren ɗaki ne don yana ƙara.

Sai kuma waɗanda facin ma ya daina zuwar musu. An daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, amma shiga wuraren buga takardu da ke kusa da makarantu ka ƙirga nawa ne ke kanta har yanzu. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da ƙarin shekara ɗaya ga wanda ya yi rajistar tsawaitawa. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba. Ma'anar wannan a wurinmu a fili take: ofisoshin Turai da Amurka za su zubar da waɗannan na'urorin, kwantena za ta kawo su Legas, daga can su hau mota zuwa Kaduna da Kano a sayar mana da araha. Mai saye ya kamata ya fara tambaya ko na'urar tana ɗaukar Windows 11 ta halastacciyar hanya kafin ya tambayi girman ma'ajiyarta. Wadda ba ta ɗauka kuma ba ta mutu ba. Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda ake sawa a madadin Windows, kyauta ne, suna samun gyara, kuma ga mai rubutu da shiga intanet sun wadatar. LibreOffice ma kyauta ne, yana buɗe takardun Word da Excel. Da masu gyaranmu za su koyi sa waɗannan, da sun rage wa jama'a rabin wahalar nan.

Filas ba sai na daɗe a kansa ba, kowa ya san bairos ɗin da ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi masu kama da su. Ka kai aiki a buga maka, ka dawo da shi gida. Tura takardar ta imel ko WhatsApp ya fi. In kuma dole ta sa ka shiga asusunka a kwamfutar kafe lokacin rajistar JAMB ko ta bautar ƙasa, ka fita kafin ka tashi, ka canza kalmar sirrin da ka koma gida. Haka 'yar na'urar maifai ko rawutar gida: da yawa har yau kalmar shiga saitinsu ita ce wadda suka zo da ita daga kamfani. A 2016 wata cuta mai suna Mirai ta tara dubban ɗaruruwan kyamarori da rawutoci da jerin irin waɗannan kalmomi kusan 60 kawai, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na sa'o'i a Amurka.

Kwamfutar gida a wurinmu ta kowa ce, wannan ma wani abu ne da masu ba da shawara daga waje ba sa lissafawa. Maigida yana aikin ofis da ita, uwargida tana lissafin kasuwancinta, yara suna sauke wasa, ƙanin maigida ya ara ya kalli ƙwallo a shafin da tallace-tallace ke ta faɗowa. Duk a asusu ɗaya mai cikakken iko. Hana aro ba halinmu ba ne, kuma ba na kira a fara. Minti biyar ya isa a buɗe wa yara da baƙi asusu na daban wanda ba zai iya sa sabuwar manhaja ba sai da izinin babba.

Doka tana nan. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, rundunar 'yan sanda tana da cibiyar yaƙi da irin waɗannan laifuka a Abuja, EFCC kuma tana da ofishin shiyya a nan Kaduna. In an taɓa kuɗinka, banki za ka fara kira a rufe kati da asusu tun kafin komai, sannan ka kai ƙara, domin kuɗin da aka sata yakan bi ta asusun cikin gida da za a iya bin sawunsa. Amma wanda ya kulle maka fayil daga wata nahiya, samun sa da wuya. Wanda ya ga alamar an shiga kwamfutarsa ya cire ta daga intanet nan take, ya canza kalmomin sirri daga wata na'urar dabam, ya fara da imel, ya umarci kowane shafi ya fitar da duk na'urorin da ke ciki don shaidun da aka sata su mutu, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman wata lamba ta waya bayan kalmar sirri. Ya kuma sanar da 'yan uwa da abokai kada su tura wa kowa kuɗi da sunansa. Mutane sukan ɓoye saboda jin nauyi, a cikin wannan shirun ake cutar na kusa da su.

Ba mu biya kuɗin fansar ba. Ba mu da shi, kuma babu tabbacin za su ba da mabuɗin. Mun gwada shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016 don raba mabuɗan da aka samu kyauta, amma nau'in da ya kama ta ba ya cikin waɗanda ake iya buɗewa. Da yake irin wannan cutar takan zo tare da mai kwashe kalmomin sirri, a daren muka zauna da wayata muka canza nata ɗaya bayan ɗaya. Washegari muka goge laftof ɗin gaba ɗaya muka sa Windows daga shafin Microsoft, sai ga lasisinta na asali ya bayyana da kansa. Babi na ɗaya da na biyu mun same su a imel ɗin da ta taɓa tura wa malaminta. Na uku ta sake buga shi daga kwafin takarda da ya yi wa gyara da jan biro. Amsoshin mutanen da ta bi gida-gida tana yi wa tambayoyi suna nan a takarda cikin leda a ƙarƙashin gadonta, ta sake shigar da su cikin mako biyu. Hotunan sunan ƙaninta ne ba mu samu ba, don a laftof ɗin kaɗai suke. Yanzu duk ranar Juma'a takan kwafe aikinta a wani filas da ba ya zuwa ko'ina, ta zare shi ta jefa a durowar mahaifiyarta.